Waƙar da Za Ki Fara Sa wa Ɗanki a Kunne

Autana yana da shekara 3 da 'yan watanni ranar da ya kwance min zani a gaban surukina. Baba ya zo daga Zariya duba mu, na durƙusa ina gaishe shi, kaina a sunkuye, sai ga yaron nan ya shigo da garensa. Ya tsaya tsakiyar falo, ya riƙe ƙugu, ya rangaɗa wani baiti na waƙar biki, irin wadda mata ke yi wa kishiya habaici da ita, har da murguɗa baki. Ko harafi ɗaya bai ci ba. Baba ya ci gaba da jan carbinsa kamar bai ji ba. Can ya ɗago ya ce, "Malam, wa ya biya maka wannan karatu?" Yaro ya miƙa yatsa ya nuna ni. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da na shige.

Kuma bai yi min ƙarya ba, daga wayata ya ji. Na ba wani mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa memorina na ce ya zuba min masu daɗi, ya zuba ɗaruruwa, ni kuma nake kunnawa in ina wanki ko girki. Ban taɓa kawowa a raina cewa wanda ke zaune gefe yana wasa da murfin tukunya yana haddacewa ba. Ga shi kuwa shekara 14 ke nan ina koyar da 'yan aji ɗaya a firamare, na fi kowa sanin yadda yaro ke ɗauke waƙa tun kafin ya iya rubuta sunansa.

Tun daga ranar na samu ma'auni guda, kuma shi zan fara ba ki. Kafin ki kunna wa yaro kowace waƙa, ki tambayi kanki: in ya rera ta gobe a gaban kakansa, ko malaminsa na Islamiyya, zan iya ɗaga kai? Abin da ya shiga kunnen ɗan shekara 3 ta bakinsa zai fito, kuma ba ya zaɓen wuri. Sauran abin da zan faɗa duk bayani ne a kan wannan, sai maganar ƙara, wadda ita daban take kuma ta fi komai haɗari.

Amma kafin a zo ga waya da sifika, waƙar farko ba ta cikin memori, tana maƙogwaronki. Jariri yana fara jin sauti tun yana ciki, a watannin ƙarshe kuwa ya riga ya saba da muryar uwarsa, shi ya sa take kwantar masa da hankali fiye da ta kowa. Daga haihuwa zuwa wata 6 ba ya buƙatar mawaƙin da ya wuce ki. Kada ki ce ba ki da murya. Kakata da ta rene ni a Zariya muryarta kamar an goga ƙwarya a ƙasa, amma duk jaririn da ya hau bayanta ba ya minti goma ido biyu. Abin da take yi ba wani asiri ba ne: layi ɗaya gajere, ta yi ta maimaita shi, tana jijjiga goyo daidai da tafiyar waƙar, tana bubbuga mazaunin yaro a hankali. In ta ji jikinsa ya fara saki sai ta rage murya, ta ja waƙar, har ta koma gunaguni. Wannan ne waya ba za ta taɓa iyawa ba. Waya ba ta san yaro ya fara lumshe ido ba, yadda ta faro haka za ta ƙare.

In ba ki riƙe waƙar reno ko ɗaya ba, ki tambayi Inna ko Goggo ko wata tsohuwa a unguwa, za ki sha mamakin abin da ke cikinsu. In babu, ki haɗa taki. Sa sunan yaro, sa kirarinsa, ki cike da addu'a. In Aliyu ne, gadanga ƙusar yaƙi na nan yana jira, kusan kowane suna namu da kirarinsa. Allah raya, Allah sa ka yi karatu, Allah sa ka ji ƙan iyaye. Ya isa waƙa. A nan ne al'adarmu ta kunyar ɗan fari take buƙatar a dube ta. A gidan gandu, in uwa ta kawar da kai ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba a yi asara ba, domin ga kaka, ga goggo, ga matan gida, kowa zai ɗauka ya yi masa tawai. Yau kuwa kina gidan haya, ke da maigida kawai, in kika riƙe wannan kunyar to ba mai yi wa yaron waƙa sai talabijin. Ki yi kunyarki a gaban surukai, in kin shiga ɗaki ki ajiye ta a bakin ƙofa. Maigida, har da kai. Rera wa jariri waƙa bai taɓa rage wa namiji girma ba.

Akwai dalilin da ya sa nake nacewa a fara da Hausa. Harshenmu mai karin sauti ne, hawa da saukar murya suna canza ma'ana. Kukan da yaro ke yi da kukar da ake kaɗa miya da ita, a rubuce abu ɗaya ne, murya ce ta raba su. Haka wuyan da ake rataya sarƙa da wuyar da ake sha. Waƙarmu ta gargajiya tana tafiya ne a kan wannan karin, shi ya sa kalangu yake iya magana, makaɗi ya kaɗa take, mai take ya gane da shi ake ba tare da an buɗe baki ba. Yaron da ya taso da irin wannan waƙa yana shan karin harshensa tare da nono. A ajina ina gane su: sukan fi riƙe hadda, kuma Hausarsu ba ta karkacewa. Waƙoƙin Turanci na nazare ba na faɗa da su, za su zo da kansu ranar da aka sa shi makaranta. Abin da ke ba ni haushi shi ne in ga yaro ya iya rera labarin wata gada da ta rushe a Landan, amma bai san amshin ɗan maliyo ba.

Wata ƙawata ta taɓa turo min tarin kiɗan Turawa na da, ta ce in riƙa sa wa jariri, wai yana ƙara ƙwaƙwalwa. Asalin wannan magana wani gwaji ne da aka yi a wata jami'a a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1993. Ɗaliban jami'a aka sa suka saurari kiɗan Mozart, wani shahararren makaɗin Turawa na da, na minti 10, ba jarirai ba, suka ɗan fi ƙoƙari a wani gwaji guda, kuma tasirin bai wuce kwata na awa ba ya gushe. Amma labari ya yi ƙafa, har a 1998 gwamnan jihar Jojiya ya nemi a ware kuɗi a ba kowane jaririn da aka haifa a jihar faifan irin wannan kiɗa. In yana miki daɗi ki sa, kiɗa ne mai natsuwa. Amma kada wani ya sa ki ji kin cuci ɗanki don kin rene shi da waƙar kakarsa.

Yanzu maganar ƙara. A nan zan daɗe, domin waƙar banza ana iya cire ta daga bakin yaro, kunnen da ya mutu kuwa ba ya dawowa. Can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Ba jini, ba ciwo, ba kumburi, shi ya sa ba ma lura, sai yaro ya shiga aji ana cewa ba ya jin magana, alhali da gaske ne ba ya ji.

Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga masu sauraro a na'ura shi ne babba kada ya wuce 80 na awa 40 a mako, yaro kuwa 75. Lissafin ba ya tafiya yadda ido ke gani: duk ƙarin desibel 3, lokacin da kunne zai iya ɗauka yana raguwa da rabi. In aka kai 100, rabon babba na mako guda bai kai rabin awa ba, na yaro bai kai minti 10 ba. Gaban manyan sifikun dije a wajen biki kuwa ana kai 100 har a wuce. Yanzu ki tuna sau nawa kika ga mace da jariri a baya, tana tsakiyar fili a gaban sifika tana liƙi, daga la'asar har magariba. Ni ma na yi. Abin da ya fi damuna ranar suna: jariri ɗan kwana 7, an kafa sifika a tsakar gida, taga ɗaya ce tsakaninsa da ita.

Ba sai kin sayi na'urar awo ba. Ki miƙa hannu: in sai kin ɗaga murya kafin wadda ke tsaye a ƙarshen hannunki ta ji ki, ƙarar ta yi wa yaro yawa. In za ki shiga fili ki kwance goyo ki ba wata a can nesa, ko cikin ɗaki na ƙurya. Ranar suna ki sa a juya sifika ta kalli waje, a nesanta ta da ɗakin mai jego, kuma wannan aikin maigida ne ya faɗa tun kafin a ɗaura waya, domin mai jego ba ta da bakin magana ranar. Auduga a kunne ba ta tare komai, kada ki dogara da ita. A adaidaita sahu, sifikar tana bayan kujera ne, daidai kan yaron da ke cinyarki. Ki ce, "Malam, don Allah a ɗan rage, akwai yaro." Ban taɓa faɗa an ƙi ba. Abin sa wa a kunne kuwa, ko na waya ne ko wanda ba shi da waya, ba na ba yaro ƙarami ko kusa. Kada a ajiye waya tana kiɗa a kan filon jariri, a sa ta can kan durowa. Kayan wasan roba masu waƙa da ake sayarwa a kasuwa, ki kara a kunnenki kafin ki biya. In ya dame ki, shi da zai manna a kunnensa fa? In kyauta aka kawo, ki liƙa salatif a kan ramukan da sautin ke fita. Ki kuma duba murfin batir, in ba da ƙusa aka ɗaure shi ba ki raba yaro da shi, domin ƙaramin batir mai kama da maɓalli in yaro ya haɗiye yana ƙona maƙoshi cikin 'yan awoyi.

Tun da ana maganar kunne: in jaririnki ba ya firgita in an buga ƙofa da ƙarfi, ko ya kai wata 6 ba ya juyowa wajen sauti, ko ya doshi shekara ba ya gwalantu, kada ki tsaya jin "ai gadon gidansu ne, ba sa magana da wuri". Ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti. A Kaduna ma akwai cibiya ta ƙasa da aikinta ke nan.

To, yaro ya zauna, ya yi rarrafe, ya fara tatata, kin ga yana gyaɗa kai in ya ji kiɗa. Lokacin zaɓe ya yi. Doka ta farko mai wuya ce don tana cin lokaci: ki saurari waƙar ke kaɗai, daga farko har ƙarshe, kafin ta kai kunnensa. Har ƙarshe na ce. Mawaƙanmu da bismilla da salati suke buɗewa, zambon yana can baiti na bakwai.

Ina neman abu uku. Na farko, kalmomi su fito fili, a ji kowace ɗaya. Da yawa daga waƙoƙin fiyano na yanzu an bi muryar da na'ura an lanƙwasa ta, ni babba ma sai na maimaita nake gane me aka ce, yaro kuwa sai ya haddace gurɓatacciyar kalma. Na biyu, amshi. Waƙar da ke da amshi gajere tana ba yaro ƙofar shiga: ke ki bayar, shi ya karɓa, tun yana iya kalma biyu kawai. Wannan bayarwa da karɓa ita ce tushen hira, jiran lokacinka kafin ka yi magana. Na uku, a iya jin abin kiɗan shi kaɗai, ba taron ƙara ba.

Saboda na ukun ne nake fara wa yara da Ɗanmaraya Jos. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, ƙoƙonsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata, kuma mutum ɗaya ne ke kaɗawa yana rerawa, ba 'yan amshi, ba hayaniya. Kunnen yaro yana iya bin sa kamar zare. Ga shi kuma yawancin abin da ya waƙe rayuwar talaka ce, irin su karen mota da zaman aure da halin ɗan Adam. Daga nan sai kalangun Mamman Shata, inda amshi yake layi guda ana ta juya shi, yaro ɗan shekara 2 ma yana kamawa. Sai kotson Musa Ɗanƙwairo, inda muryoyi ke haɗuwa suna karɓeɓeniya. Sai ƙwaryar Barmani Choge, sai gurmin Haruna Uji. Nakan mai da abin wasa: in kunna kaɗan in tsayar in ce, "Wane ne ke magana, kalangu ko kotso?" Yayar Auta tana shekara 5 ta iya raba goge da garaya da ido a rufe.

Sai dai kada tsufan waƙa ya ruɗe ki. Shata ya rasu a 1999, Ɗanƙwairo a 1991, Barmani a 2013, Ɗanmaraya a 2015, Allah ya ji ƙan su, amma ba don yara suka yi waƙa ba. Shata yana da waƙar shan ruwa da kowa ya san ba ruwan randa ake nufi ba. Waƙar fada rabinta yabon sarki ne, rabinta zambo ga 'yan sarkin da ke hanƙoron gadon. Amada kuwa kiɗan mata ne a cikin gida, tsakanin manya, ana faɗin abin da ba a faɗa a zaure, ko da yake a ciki akwai masu kiran mata su kama sana'a, waɗanda nake sa wa 'yata da gangan. Waƙoƙin dambe irin na Ɗan'anace, daɗi kamar me, amma kisa da lahira da maƙabarta ne ke yawo a ciki. Hatta waƙar wa'azi sai an zaɓa. Imfirajin Aliyu Namangi taska ce, ina son 'ya'yana su san ta, amma baitocin da ke siffanta mutuwa da kwanciyar kabari ba na ɗan shekara 4 ba ne da dare. Na taɓa barin ta tana yi bayan isha, na kwana ina amsa tambayoyi. Ki ɗebi baitocin yabon Manzo, sauran su jira ya girma.

Na zamani ma ban yi musu kuɗin goro ba. A cikinsu akwai masu waƙar iyaye, da ilimi, da garuruwa, da Hausa mai kyau. Biyu ne na rufe wa ƙofa gaba ɗaya. Waƙar siyasa, don ginshiƙinta zagin wani ne, kuma yaro zai je ya rera ta a ƙofar gidan maƙwabcin da ke wancan ɓangaren. Sai waƙar da ta tashi a TikTok saboda wata rawa, don ba waƙar yaro zai ɗauka ba, rawar zai ɗauka. Waƙar soyayya mai tsabta ba na tayar da hankali in ya ji a hanya, amma ba ni zan zuba masa ita ba.

Ga yadda na tsara abin a aikace. Na sayi 'yar ƙaramar sifika mai cin memori, marar fuska, na ware memori guda na yara. Waƙa 12 na fara zubawa, ni da kaina, ba mai turawa ba. Kada ki ga kamar sun yi kaɗan. Yaro ba ya gajiya da maimaici, shi yake so, zai ce a sake har sai kin ji kamar ki jefa sifikar a rijiya, kuma ta haka yake koyo. Duk bayan sati biyu ko uku in cire ɗaya in sa sabuwa. Na raba su gida biyu, na rana masu motsa jiki, da na dare masu sanyi, guda 3 kacal, kullum su, har ya zama in ya ji ta farko ya san shimfiɗa ta kira.

Na zaɓi marar fuska ne da gangan. Kunne nake so ya yi aiki, ba ido ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Yaron da ke jin waƙa yana tashi ya taka, ya yi tafi, ya ɗauko murfi ya buga. Wanda aka miƙa wa waya kuwa sai ya daskare, baki buɗe. Ga kuma YouTube da ke jawo wata da kanta in wannan ta ƙare: kin sa masa waƙar alifun ba'un kin shiga kicin, kafin ki sauke tukunya an kai shi inda ba ki aike shi ba. In dole da waya za a ji, ki sauke waƙar tukuna, ki kashe data, ki kife wayar a inda hannunsa ba ya kai.

Na san akwai gidajen da ba a kunna kiɗa sam, bisa fahimtar malamansu, akwai waɗanda suka tsaya a kan bandiri, akwai waɗanda ba su ga laifi ba in kalmomin masu kyau ne. Wannan saɓani ya girme ni, ba ni zan raba shi ba. Ku zauna ke da maigida ku tsayar da magana ɗaya, don kada yaro ya ga Umma na kunnawa, in an ji ƙarar mashin ɗin Abba a kashe, wannan darasin ya fi kowace waƙa muni. Gidan da ba a kiɗa bai rasa komai ba daga abin da na lissafa: ga reno, ga waƙoƙin Islamiyya na koyon haruffa da rukunan addini, ga waƙar da ke cikin tatsuniya, ga tafi. Masu Mauludi kuma suna da Ishiriniya da Burda, waɗanda da murya zalla ma ake rera su. Abu ɗaya da nake kiyayewa: karatun Alƙur'ani ba ya shiga memorin waƙa. Nasa daban, lokacinsa daban, don yaro ya taso ya san in an sa wannan ana natsuwa ne, ba a rawa.

Daga shekara 2 zuwa sama, ki ba hannunsa aiki. Kacau-kacau na farko, amma ki tabbata a rufe yake ruf, don tsakuwar ciki tana iya shaƙe shi. Ki cika baho da ruwa rabi, ki kifa ƙwarya a kai, ki ba shi ludayi: kiɗan ruwa ke nan, irin na amada, kuma zai gano da kansa cewa in ya danna ƙwaryar sautin yana canzawa. Ki tsaya a kansa, ba a barin yaro da bahon ruwa ko na ƙiftawar ido, in an gama a zubar. In kina daka ki bar shi ya ji lugude. In kin samu shantu wajen tsofaffi ki karɓo, ya kusa ɓacewa.

Sannan ki fitar da shi. Dandali ya yi ƙaranci a birni, amma ko yara huɗu ne a tsakar gida ana iya gaɗa, ana iya carman dudu, kuma waɗannan an yi su ne daidai bakin yara da ƙafarsu. In azumi ya kai goma masu tashe suka zo, kada ki kore su, ki ba su ɗan abin da ya samu ki bar shi ya kalla, nan zai fara ganin waƙa da wasan kwaikwayo a haɗe. Da sallah a kai shi kallon hawa ya ga algaita da kakaki da tambari da idonsa, daga nesa, a kafaɗar babansa, ba kusa da 'yan bindiga ba. In ya kai 4 ko 5 sai ki buɗe masa taga: sarewar Fulani, jitar Buzayen Agadas, kora ta Mali mai tsirkiya 21, gangar Yarabawa da ke magana kamar kalangunmu. Ɗaya bayan ɗaya, kina faɗa masa na su wane ne.

Kada gida ya wuni da kiɗa tun safe har dare. Yaron da ke koyon magana yana buƙatar jin maganar mutane a sarari, sautin da ba ya yankewa kuwa yana rufe ta. In kin ga yana kawar da kai, yana toshe kunne, ko rigima ta ƙaru ba dalili, ki kashe.

Saura abin da za ki yi in an riga an makara, kamar yadda na makara. Duk tsaronki zai ji a gidan maƙwabta, a shagon mai caji, a motar makaranta. In ya zo da ita kada ki yi dariya, kada ki ɗauka a waya ki tura wa dangi, don in ya ga ta jawo masa kallo ya riƙe ke nan. Kada kuma ki doke shi, bai san me yake faɗa ba, duka zai nuna masa ne cewa kalmar tana da ƙarfi. Karin ne ya kama shi, ba ma'anar ba, don haka ki bar masa karin ki sauya kalmomin. Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba: masu bege a Kano sun daɗe suna ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya su ɗora masa yabon Annabi, har wanda bai san asalin ba ya ɗauka da haka aka haife ta.

Haka na yi da ta Auta. Daren da Baba ya tafi na zauna na cire kishiya daga baitin na sa kuliyar gidanmu, wadda ke satar kifi in an bar kicin a buɗe. Habaicin ya zauna mata daram, har riƙe ƙugun bai tashi a banza ba. Na yi ta rerawa ina shara, ban ce masa komai ba. Kwana huɗu yana gyara min, yana cewa, "Umma, ba haka ba ne." A na biyar ya bi ni. Yanzu shekararsa 6, kuliyar ma ta mutu bara, amma jiya na ji shi ta taga yana rera wa jaririyar maƙwabtanmu, uwarta na tambayarsa a wace makaranta aka koya musu.